Robar tokare ta Energy Suspension a bayan Mustang 1965–66 da aka sauke: inda take aiki da inda ba ta yi

Duk mai tsohuwar motar da aka sauke mata baya, aka kuma sa mata faffaɗar taya, ya san ƙarar nan. Da an faɗa rami, ko an hau tudun rage gudu da mutum biyu a kujerar baya, sai a ji "ƙurrr" daga ƙarƙashin madigadi, wani lokaci har da ƙaurin roba. In aka duba, sai a tarar da siririn yanka ya zagaye gefen taya kamar an bi shi da reza. Maganin da aka fi saurin kawowa shi ne a sa doguwar robar tokare, wato dunƙulen robar da ke zaune tsakanin shasi da aksil, wadda masu sayar da kayan mota ke kira bam-sitof. Wannan sharhi a kan irin ta kamfanin Energy Suspension ne na Kalifoniya a Amurka, wadda ake yi da foliyuretan, wani nau'in roba mai tauri. Motar da muka ɗauka ma'auni ita ce Ford Mustang ta 1965 da 1966, saboda tana cikin tsofaffin motocin da ake yawan saukewa, kuma ƙirar bayanta ba ta da wuyar ganewa.

Kayan mai kyau ne, ba shi da tsada, yana kuma daɗewa. Sai dai aikinsa guda ɗaya ne tak: ya tsayar da aksil a wani wuri idan yana hawa sama. In gugar daga hawan aksil take, robar za ta kashe ta. In kuwa daga faɗin rim take, ko daga aksil da ke zamewa gefe, ko dozin aka saya ba za ta daina ba. Yawancin masu cewa robar ba ta yi musu komai ba, a nan suka yi kuskure, tun kafin su buɗe kwalin.

Yadda bayan motar yake

Mustang ta fito a watan Afrilun 1964, an gina ta a kan ƙirar Ford Falcon. Bayanta aksil ne guda miƙaƙƙe, yana zaune a bisa sifirin mai falle-falle, ɗaya kowane gefe. Babu wani ƙarfe dabam da ke riƙe aksil kada ya yi gefe, sifirin ɗin da bushin ɗinsa su kaɗai ke wannan aiki. Daga masana'anta akwai robar tokare biyu a jikin shasi, saitin aksil, da wata ta uku a tsakiya, sama da hancin gidan giya inda farfela ke shiga.

Tayar da aka saba gani a motocin lokacin ita ce 6.95-14, faɗinta kusan milimita 177. Yau mutane na sa 225/60R15, wadda ta fi ta faɗi da kusan milimita 48, tsayinta kuma milimita 651. Wasu ma na zuwa 235/60R15 mai milimita 663. Kogon tayar kuwa yana nan yadda aka ƙera shi shekara sittin da suka wuce.

Akwai abin da ya kamata a fahimta game da saukewar kanta. Idan an sa bulon alminiyam mai inci 1 tsakanin sifirin da aksil, aksil ya matso kusa da shasi da milimita 25, taya ma ta matso kusa da madigadi da milimita 25. Amma wurin da aksil ke tsayawa idan ya bugi robar asali bai canja ba. Ke nan saukewa ba ta ƙara wa taya nisan da za ta iya hawa ba, abin da ta yi shi ne ta sa tana kaiwa can kullum, maimakon sau ɗaya a wata. Saboda haka in mota tana guga bayan an sauke ta, ɗayan uku ne: ko tayar ta fi ta asali girma, ko rim ya fito waje, ko robar asali ta ruɓe, ta faɗi, ko wani ya yanke ta don motar ta daina bugu. Makanikan Kaduna da Kano sun san 'yar'uwar wannan matsala a Peugeot 504 da aka danƙara wa kaya har bayanta ya zauna. Can nauyi ne ya cinye tazarar, nan bulo ne, amma lissafin ɗaya ne.

A karanta tabon da ke jikin taya

Kafin a sayi komai, a cire ƙafar a duba inda ta gogu. Idan tabon yana kan kafaɗar taya ta waje, inda zanen ƙasa ya haɗu da gefe, kuma leɓen madigadi daga sama ya yi ƙyalli, wannan hawan aksil ne, aikin robar tokare ke nan. Idan yankan yana ƙasa-ƙasa a gefen taya, kan rubutun kamfani, to tayar ta riga ta shige cikin madigadi ne sannan ta matso waje a kwana, wannan zamewar gefe ce. Idan gefen ciki ne ya yi santsi, ana gugar bangon kogon taya ko fallen sifirin. Idan kuma gaban kogon ne ko bayansa daga ƙasa, a duba santa-bol, wato ƙusar tsakiya da ke haɗe fallayen sifirin, domin mai yiwuwa ya karye ko ƙusar bulon ba ta zauna a raminta ba, aksil ya gusa.

Idan tabon bai fito sarai ba, a shafa alli a leɓen madigadi da cikin kogon, a zaga da motar a hanyar da ta saba gugar, a dawo a ga inda allin ya goge. Tayar da yanka ya kai ga zarenta kuwa ta gama aiki. A cire ta, kada a ce za a lallaɓa.

Abin da ke cikin kwalin

Robobin suna zuwa biyu-biyu, ja ko baƙi, da ƙusa mai zare a dashe a gindinsu da noti. Akwai gajeru ƙwarai da ba su kai inci ɗaya ba, akwai masu wuce inci biyu, wasu masu fili a kai, wasu masu tsini kamar kan mazubi. Don aikin hana guga, mai tsinin ta fi. Kanta siriri ne, shi ke fara taɓa aksil, yana lotsawa da sauƙi, sannan kaurin gindin ya karɓi sauran nauyin. Mai filin kai kuwa gaba ɗaya take haɗuwa da aksil lokaci guda, bugunta kamar an doka guduma a kan katako.

Ƙusar ta ma'aunin inci ce, ba ta milimita ba. A yi hattara da wannan a garejin da duk notin da ke cikin gwangwani na motocin Japan da Turai ne. Notin M10 zai kama ƙusa mai inci 3/8, ya yi zagaye biyu ko uku kamar ya dace, sannan ya cinye zaren. A adana notin da ya zo da kayan, sifanarsa 9/16 ce.

Foliyuretan ya fi robar gargajiya a abu uku. Mai da giris da ke tsiyaya daga gidan giya ba sa narkar da shi, kuma ba ya tsattsagewa da sauri don tsufa. Abu na uku, wanda shi ne ya sa ya dace da wannan aiki, shi ne taurinsa: ba ya lotsewa da yawa, don haka ana iya sanin inda aksil zai tsaya kusan daidai. Wannan taurin dai shi ne aibinsa. Fasinjan kujerar baya zai ji kowane bugu a ƙashin bayansa, ƙarfen shasi ma yana karɓar dukan kai tsaye.

Awo, wanda shi ne ainihin aikin

Ɗaura robar ba ya wuce rabin awa. Gano tsayin da ake buƙata shi ke cin wuni, kuma shi ne bai kamata a tsallake ba.

A fara da motar a ƙasa mai shimfiɗa, tanki cike, iskar taya daidai. A auna tazarar da ke tsakanin saman bututun aksil da ƙarfen shasi inda robar za ta zauna, ƙarfe zuwa ƙarfe, hagu da dama. Sannan a ɗaga motar a ɗora shasinta a kan ƙafafun ƙarfe na ɗora mota. Kada a ɗora ta a kan bulon siminti, yana farfashewa ba tare da gargaɗi ba, kuma a wannan aiki hannu da kai suna cikin kogon taya.

A motar da ke da sifirin mai nannaɗe, cire shi kawai ake yi a tura aksil sama da jak. A nan ba haka ba ne, domin sifirin ne ke riƙe da aksil. Hanya mafi inganci ita ce a kwance fallayen a bar babban fallen kaɗai, a cike gurbin waɗanda aka cire da guntun ƙarfe mai kaurinsu don yubol, wato ƙarfe mai siffar U da ke ɗaure aksil a kan sifirin, ya kama. Falle ɗaya ba shi da ƙarfin ɗaga motar, jak zai tura aksil har ƙarshe. Wanda ba ya son wannan wahala zai iya loda but da buhunan siminti ko yashi masu kilo 50, huɗu ko biyar, ya zaunar da mutane a baya. Wannan yana nuna abu da yawa, amma ba ya kai aksil inda rami ke kai shi a guje.

A cire tsohuwar robar, a mayar da ƙafafun, a tura aksil sama a hankali ana juya taya da hannu, har ta taɓa. A rubuta nisan da ya hau. A yi haka da gefe biyu tare, sannan a maimaita da gefe ɗaya a sama, ɗayan yana rataye. Awo na biyun shi ne mai muhimmanci, ga dalili. Taya tana wajen robar tokare ne, ba saitinta ba. Idan aksil ya karkata, ƙarshensa na waje ya fi wurin robar hawa. A ɗauka robobin biyu suna da tazarar milimita 1,100 a tsakaninsu, taya kuma tana milimita 150 waje da robar. Idan gefe ɗaya ya fi ɗayan hawa da milimita 100, tayar za ta wuce matakin robar da kusan milimita 14. Wannan 14 ɗin ita ce ke sa motar da aka gwada a gareji ba ta guga, amma tana shiga ƙofar gida a karkace sai a ji ƙarar. Karkatar kuma tana kwantar da saman taya zuwa ciki, don haka a leƙa bangon ciki ma.

Ga lissafin da misali. A ce tazarar ƙarfe zuwa ƙarfe milimita 95 ce idan motar na tsaye, taya kuma ta taɓa bayan aksil ya hau 70 a saitin robar. A bar rarar milimita 12, saboda taya na kumbura da zafi, gefenta kuma na lanƙwasa. Ke nan aksil ya tsaya a 58. A cire 58 daga 95, saura 37. Wannan shi ne kaurin da robar za ta kasance bayan an matse ta iya matsewa, ba tsayinta a cikin kwali ba. Idan foliyuretan ɗin ya lotsa da kashi ɗaya cikin huɗu, ana buƙatar mai tsayin kusan milimita 50, wato inci 2. Motar za ta sami milimita 45 na tafiya kafin ta taɓa robar.

Kashi ɗaya cikin huɗun nan ƙiyasi ne na farawa, ya danganta da siffar robar. A gwada ta: a sa ta tsakanin kan jak da ƙarfe mai ƙarfi na ƙarƙashin motar, a ɗaga har nauyin kusurwar ya hau kanta, a auna. A tuna rami a guje yana ninka wannan nauyi. In robar ta yi tsawo, zarton ƙarfe na yanke ta, amma a rage kaɗan-kaɗan, milimita 5 a lokaci guda, a kuma gyara kan da wuƙa ko faifan goge ya koma tsininsa. A kula da kan ƙusar da ke binne a ciki. In ta gaza, a sa faifan ƙarfe ko alminiyam mai faɗin gindinta a ƙarƙashi. Tulin ƙananan wasa, wato zobban ƙarfen da ake sawa a ƙarƙashin noti, ba ya yi, gindin zai rataya a iska ya tsage.

Tazarar da ta rage ita ke yanke hukunci

A ra'ayinmu, idan lissafi ya bar milimita 40 zuwa 50 tsakanin robar da aksil, wannan kaya ya dace. Idan ya sauka ƙasa da 25, kada a sa shi. Motar za ta riƙa tafiya a kan robar ne, ba a kan sifirin ba, kuma matsalar ta wuce rashin daɗin zama. Idan aka shiga kwana da gudu, motar ta kwanta, aksil na waje ya dira a kan tauraren foliyuretan, taurin baya yana ninkuwa nan take. Nauyi ya taru a kan tayar baya ɗaya, ta saki ƙasa, bayan motar ya fara zagayowa. A jiƙaƙƙiyar kwalta wannan na faruwa a gudun da direba bai zata ba. An kashe ƙarar guga an sayi haɗari.

Ga mai ƙaramar tazara, robar kumfa ta fi, irin mai launin rawaya da ke jikin shokazoba na motocin zamani. Kamfanin BASF na Jamus na yin ta da sunan Cellasto. Ita tana lotsewa da kashi biyu cikin uku ko fiye, tana farawa da laushi tana taurara a hankali, har direba ba ya sanin lokacin da ta fara aiki. A misalinmu na sama, kumfa zalla da za ta tsaya a milimita 37 sai ta kai tsayin 111, ta fi tazarar gaba ɗaya. Dabarar ita ce a sa tauraren faifai mai milimita 20, a ɗora kumfa mai 50 a kai. Ta matse zuwa 17, jimla 37, tana kuma fara taɓawa bayan milimita 25. Aikin haɗawar ya fi yawa, kuma kumfa ba ta kai foliyuretan mai tauri daɗewa cikin laka da mai ba, amma tuƙin ya fi nesa ba kusa ba.

Wajen ɗaurawa

Shasin Mustang ba katon ƙarfe ba ne irin na a-kori-kura. Jikin motar da shasinta abu ɗaya ne, falle ne da aka naɗe aka yi wa walda, kuma bayan waɗannan motoci wurin tsatsa ne. A ƙwanƙwasa wurin da guduma, a soka sukuddireba. Idan ya yi laushi, sai mai walda ya fara gyara shi. Ko lafiyayye ne, a sa faifan ƙarfe mai kaurin milimita 3 tsakanin robar da shasi don ya raba dukan. Ramin ƙusa milimita 10 ya isa, a shafa masa fenti kafin a ɗaure.

Robar ta sauka a tsakiyar bututun aksil lokacin da yake sama, ba lokacin da motar ke tsaye ba, domin aksil na ɗan gusawa yayin hawa. In ta sauka a gefen bututun, zamewa za ta yi, ƙusar ta lanƙwashe. Bututun man birki yana bin jikin aksil ɗin, a tabbata ba ya ƙarƙashin robar. Wannan kuskure ne da ke iya raba mota da birki. Salansa kuma tana tsallake aksil a kusa da wurin, foliyuretan ba ya son zafi, a bar aƙalla santimita 5 ko a sa garkuwar falle.

Sai shokazoba. Dole robar ta tsayar da aksil kafin shokazoba ya ƙure, in ba haka ba shi zai riƙa shan dukan har ya fashe ko ya ɓalle mazauninsa na sama. Da bulo wannan ba ya cika faruwa, saboda gindin shokazoba yana kan farantin da ke ƙarƙashin sifirin, bulon bai taɓa tsayinsa ba. Amma idan da sabon sifirin mai ƙarancin lanƙwasa aka sauke motar, shokazoba ya riga ya shige tun motar na tsaye. A bar masa rarar milimita 10 a ƙarshen matsewa. A duba robar tsakiya ma: idan ita ke fara taɓawa, za a ji bugu a ƙasan kujerar baya duk lokacin da aka taka mai da ƙarfi, sai a rage mata tsayi.

Inda kuɗin ya kamata ya tafi in ba robar ba ce

Rim mai 15x7, wato girman inci 15 da faɗin inci 7, da ke da zurfin inci 4.25 daga bayansa zuwa mazaunin ƙusoshi shi aka saba sa wa waɗannan motoci da taya 225. Mai zurfin 3.75 yana tura taya waje da kusan milimita 13, kuma wannan kaɗai ya isa ya kawo ta ƙarƙashin leɓen madigadi. Haka idan wani ya taɓa sauya aksil da na 1967 zuwa 1970, wanda ya fi faɗi da inci 2, kowace taya ta fita da milimita 25. A irin wannan hali, robar da za ta hana guga sai ta cinye kusan duk tafiyar sifirin. Sauya rim ya fi, ko a koma 215/60R15, wadda ta fi 225 gajarta da milimita 12, ta kuma fi ta siranta da 10.

Naɗe leɓen madigadi zuwa ciki yana ba da rarar milimita 10 ko fiye a daidai inda ake buƙata. A ɗumama fentin da na'urar hura zafi har ya yi ɗumin da hannu zai iya jurewa, a naɗe a hankali. In akwai cikon bodi a wurin, zai tsage, gara a sani tun farko. Gugar da ke zuwa a kwana kaɗai kuma, a fara da sabunta bushin ɗin sifirin da maratayansa na baya. In ba ta daina ba, sai sandar Panhard, wadda ke ɗaure aksil da shasi ta gefe. Idan kuma gefe ɗaya ne kawai ke guga, a auna daga taya zuwa madigadi hagu da dama. Bambancin milimita 6 zuwa 10 ba baƙon abu ba ne a motar da ta kai wannan shekaru, kuma sau da yawa sassauta yubol a daidaita aksil a kan santa-bol yana rage shi.

Bayan an gama, a manna ɗan dunƙulen yumɓu ko takardar alminiyam da aka cukuikuye a saman kogon taya, a shafa giris kaɗan a kan robar. A ɗauki mutum biyu a baya, a bi hanya mai gargada, a tsallake tudu a karkace ta kowane gefe. Giris a jikin aksil yana nuna inda robar ke sauka, kaurin yumɓun da ya rage kuma shi ne ainihin rarar da ke akwai. In ya gaza milimita 8, a ƙara faifai mai milimita 3 a ƙarƙashin robar a sake gwadawa. Bayan kilomita 200 a sake ɗaure notin robar da na yubol, domin sabon yubol yana saki bayan tafiyar farko, musamman in akwai bulo a tsakani.